Ɗigon shan inna har ƙofar gida, maganin zazzaɓi sai da kuɗi: muhawarar 'yan zaure

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun jiya. Masu riga-kafin shan inna sun shigo layinmu, maƙwabcina ya tare ƙofa ya ce ba a ɗiga wa 'ya'yansa. Na fito ina ba shi baki, sai ya ce da ni: "Malam, watan jiya na kai yarinyata asibiti jikinta kamar wuta, kati na saya, gwaji na biya, magani aka rubuta min na je kyamis. Wanda bai tausaya min a kan zazzaɓin da nake gani ba, me ya sa yake bina har gida a kan cutar da ban gani ba?" Wallahi na rasa abin ce masa. Ni 'ya'yana duk an yi musu, amma amsar tambayarsa ba ta zo min ba. Masana, ku taimaka.

Nas ɗin Karkara: Wa alaikumus salam Baban Ummi. Shekara 16 ina aiki a asibitin sha-ka-tafi, kuma ba na jin akwai zagayen da aka yi ban ji wannan tambayar ba. Amsar a taƙaice: kuɗin yaƙi da shan inna daban ne, na asibitin unguwarku daban. Tun 1988 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kawar da cutar gaba ɗaya, kamar yadda aka kawar da agana. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar Rotary, daga baya gidauniyar Bill Gates, su ke jagorantar tara kuɗin, kuma an ware shi don wannan aikin kawai. Maganin zazzaɓi da albashina da rufin asibitin da ke yoyo kuwa, wannan na gwamnatocinmu ne. Maƙwabcinka yana da gaskiya a fushinsa, sai dai a kan 'yarsa yake huce shi.

Dattijon Fagge: Malama Nas, kin fara daga tsakiya. Ku yaran yanzu ba ku san abin da ya sa mutanen Kano suke ɗari-ɗari ba. A 1996 aka yi annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum dubu 10 a ƙasar nan. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana ya gwada sabon maganinsa Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan, iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Kuma abin da ya fi ƙona min rai har yau: ba mu muka tono maganar ba, jaridar Washington Post ce ta fasa ƙwan a ƙarshen 2000. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, sai 2011 iyalai na farko suka karɓi diyya, bayan an ce sai an yi musu gwajin ƙwayar halitta (DNA) a tabbatar 'ya'yansu ne. Shekara 15. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Nas ɗin Karkara: Baba, ban musa ko kalma ɗaya ba. Amma Trovan magani ne da ake gwadawa a lokacin, ɗigon shan inna kuwa tun shekarun 1960 ake ba yaran duniya, har da na Saudiyya da Masar. Ba abu ɗaya ba ne.

Dattijon Fagge: 'Yata, ke kika san ba ɗaya ba ne. Ga uwar da ke cikin lungu, farar riga farar riga ce.

Tsohon Ɗan Rahoto: Bari in sa baki, don ina bakin aiki a 2003 lokacin da aka dakatar da riga-kafin, kuma abin da na gani ya fi Trovan faɗi. Ku tuna yanayin shekarar. A watan Maris Amurka ta afka wa Iraƙi, kowane mai shayi rediyonsa na kan BBC ko Muryar Amurka ko Jamus, ana jin yadda bama-bamai ke sauka a Bagadaza. A watan Afrilu aka yi zaɓe, Obasanjo ya koma, Arewa da yawanta Buhari ta zaɓa, ana ganin an yi mata ƙwace. A Kano Malam Ibrahim Shekarau na ANPP ya kayar da Kwankwaso, da goyon bayan masu son a tabbatar da shari'a. Sai ga Dakta Datti Ahmad, likita ne kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a, ya fito ya ce ana zargin an sa wa maganin abin hana haihuwa. Ba malamin tsibbu ba ne ya faɗa, likita ne da ake girmamawa. To gwamnatin Abuja da ba a yarda da ita ba tana cewa ku karɓa, Turawan da ke yaƙar ƙasar Musulmi su ne masu kawowa kyauta, naka na gida kuma yana cewa a dakata. Wa kuke zaton talaka zai bi?

Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar. Sauran sun koma da wuri, Kano ta kai kusan shekara guda, sai Yulin 2004 aka ci gaba, bayan an tura tawagogi sun duba maganin a ƙasashen waje, aka kuma amince a riƙa sayowa daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Ku lura da wannan: abin da ke cikin kwalbar bai canza ba, hannun da ya miƙo ta ne ya canza.

Mu 'yan jarida kuwa muna da namu kason na alhaki. Duk wanda ya kira taron manema labarai ya ce ya gano wani abu a ɗakin gwaji, da gudu muke kai wa edita. Ba mu da wanda ya san kimiyya a ɗakin labarai da zai ce a tsaya, wannan sinadarin da ake magana nawa ne adadinsa, yana iya yin wani abu a jiki ko kuwa. Muryar mai zargi minti biyar, muryar mai bayani rabin minti, shi ma cikin Turancin da muke fassarawa a gurguje.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa gare ku daga wannan ɓangaren iyaka. Abin da kuka dakatar a Kano mu ma mun sha shi. Tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Damagaram da Daura, wane gida ne ba shi da dangi a ɗaya gefen? Ana biki a haye, ana cin kasuwar Jibiya, yara na bin iyayensu mata. Ƙwayar cuta ba ta tsayawa a duwan, wato shingen kwastan. Bayan 2003 cutar ta koma ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ta bi ta Cadi da Sudan ta haye Yaman, har Indunusiyar da kuke sayo maganin a wurinta. Kuma rediyon Kano da na Kaduna muna kama su sarai, jita-jitar ma da Hausa ta iso mana.

Maman Khalifa: Ni dai ku bar ni da lissafin ƙasashe. Ƙanwata aka haifa a 2004. Tana da shekara biyu zazzaɓi ya kama ta, kwana uku aka wayi gari ƙafar dama ta saki. Babanmu, Allah Ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka hana a ɗiga mana, don a masallaci ya ji. Aka yi ta rubutu da turare ana cewa inna ce ta sha ta. Yanzu da sanda take tafiya, ta yi karatu, tana ɗinki, amma na ga yadda maganar aurenta ta sha wuya. Har ya bar duniya Baba bai yafe wa kansa ba. Waɗanda suka yi ta faɗa a rediyo a lokacin, wa ya dawo ya ba mu haƙuri? Ba ɗaya. A 2006 kaɗai yara fiye da 1,000 suka kamu a Najeriya. Kowannensu yana da gida kamar namu.

Baban Ummi: Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ƙanwarmu lafiya da miji nagari. Wannan ya taɓa ni, Maman Khalifa.

Dattijon Fagge: Amin. Allah Ya sa kaffara ce. Ni ma ban ce a hana yara ba, jikokina duk an yi musu. Cewa nake kada a mayar da mutanenmu jahilai alhali an ba su dalilin tsoro.

Injiniya Mai Taswira: Ni ta ɓangaren na'ura zan shigo, don na yi aikin wucin gadi a irin wannan. Mutane suna zaton matsalar duk ƙin karɓa ce. Ba haka ba ne. Wajen 2012 da aka fara zana taswirar ƙauyuka daga hoton tauraron ɗan'adam, sai aka tarar akwai rugage da ƙananan unguwanni masu yawa da ba sa cikin taswirar hannu da ma'aikata ke bi. Ba ƙi suka yi ba, ba a taɓa zuwa ba. Aka kuma riƙa sa wa kowace tawaga waya a jaka mai nuna inda ta taka. Da yamma a ɗora a kwamfuta, sai ka ga wata tawagar ta cika takarda ta ce ta yi wa yara ɗari biyu, alhali sawunta bai wuce gindin bishiya ɗaya ba. Wannan da cibiyar ba da agajin gaggawa da aka kafa, inda gwamnati da masu tallafi ke zama ɗaki ɗaya suna duba alƙaluma kullum, su suka juya lamarin. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama a Kano a Sumaila ne, Yulin 2014. Na ƙarshe a ƙasar baki ɗaya a Borno, 2016, a yankin da rikici ya hana shiga. Ran 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Tsohuwar Mai Ɗigo: Injiniya, waya ta nuna inda muka taka, amma ba ta nuna abin da muka tarar a can. Na yi shekara bakwai ina ɗaukar akwatin ƙanƙara gida-gida. An zage ni, an watsa min ruwan wanke-wanke, an sakar min kare. Akwai gidan da uwa za ta ja ni gefe ta ce don Allah shafa masa tawadar a ɗan yatsa kawai, kada ki ɗiga, in mai gidan ya ji sakina zai yi. Akwai kuma wadda za ta ce ɗiga masa da sauri amma kada ki sa tawada, saboda dalili ɗaya. Wace na'ura ce za ta rarrabe waɗannan biyun? Kuɗin da ake ba mu kuwa bai taka kara ya karya ba, wani lokaci sai an yi wata ana bi.

Kuma ba zan manta Fabrairun 2013 ba, ranar Juma'a, da 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan riga-kafi tara a Kano, a wurare biyu. Yawancinsu mata ne irina, masu neman na cefane. Kwanaki kaɗan kafin nan wani shirin rediyo ya sake tayar da tsohuwar maganar, har aka kama waɗanda suka yi shi. Mijina ya ce na bar aikin. Na bari wata shida, na koma.

Abin da ya buɗe mana ƙofofi a ganina ba waya ba ce. Ranar da mai unguwa ya fara tafiya tare da mu, ranar da hakimi ya ɗiga wa ɗansa a gaban jama'a, ranar da waɗanda cutar ta nakasa suka riƙa biyo mu a kekunansu suna ce wa iyaye ku dube mu, ranar aiki ya sauya. Da kuma lokacin da aka fara kafa sansanin duba marasa lafiya a unguwa, ana ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki da sabulu. Nan ne tambayar maƙwabcin Baban Ummi ta samu amsa, ko da ta kwana huɗu ce.

Injiniya Mai Taswira: Na karɓi gyara, Hajiya. Sarakuna sun yi aiki, tun da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a 2009. Amma ki yarda, sarki ba zai aika a je rugar da bai san da ita ba.

Tsohuwar Mai Ɗigo: Ardo ya san da ita. Tambayarsa ce ba a yi ba.

Ɗalibar Likita: Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ina ganin ɓoye shi ya fi faɗinsa illa. Mutane na tambaya: tunda an ce an kawar da cutar a 2020, me ake ɗigawa har yanzu? Gaskiyar ita ce ɗigon yana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana. Yaron da aka ɗiga wa yana fitar da ita a bayan gida. A inda kusan kowa ya yi riga-kafi, nan take mutuwa. A inda yara da yawa ba su yi ba, ga rashin tsaftar ruwa, sai ta yi ta yawo daga wannan zuwa wancan har ta sake yin ƙarfi ta shanye ƙafa. Ita ce ta kama yara fiye da 400 a Najeriya a 2021, kuma saboda irin wannan rikiɗar ne aka kawo sabon nau'in ɗigo da ba ya saurin rikiɗa. Wanda aka yi wa yana da kariya, wanda ba a yi wa ba shi take kamawa. Wannan bayanin mai hankali zai gane shi in an yi masa da Hausa. Amma jami'ai na tsoron faɗa, sai mutum ya tsinto rabinsa a Facebook, ya ce kun gani, dama sun sani suka ɓoye.

Sarkin Shakka: To ai kin faɗa da bakinki. Kuma ku gaya min, ƙarya ne cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta yi amfani da riga-kafin bogi a Pakistan wajen neman Usama bin Ladan?

Ɗalibar Likita: Ba ƙarya ba ne, Yaya. A 2011 ne, a garin Abbottabad, da sunan riga-kafin ciwon hanta, kuma ma'aikatan lafiya a Pakistan sun biya wannan da rayukansu. Abin kunya ne. Amma ka duba hujjar hana haihuwa da idonka: yaran da aka ɗiga wa a Kano a 2004 su ne ake ɗaura wa aure yanzu, muna zuwa sunan 'ya'yansu. Shekara 20 ana ɗigawa a Arewa maso Yamma, kuma har yau tana cikin yankunan da aka fi haihuwa a ƙasar nan.

Sarkin Shakka: Wannan kam ban da ta cewa a kai. Amma ni dai ban yarda da mai ba ni kyauta yana matsa min ba.

Tsohon Ɗan Rahoto: Abin da ke ba ni tsoro yanzu, a 2003 jita-jita sai ta bi ta kaset ko mumbari ko gidan rediyo mai lasisi da za a iya kira a tuhuma. Yau saƙon murya ne na minti biyu a WhatsApp, ba suna ba gari, "wata likita ce ta ce", kafin azahar ya zaga zaurukan dangi. Ku tuna daren Agustan 2014 lokacin Ebola, da aka tashi mutane da asuba a waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Har rai aka rasa, ga waɗanda aka kwantar. A wannan shekarar dai, mutanen da suka koyi aiki a yaƙi da shan inna su aka kwasa suka bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar a Legas ta waya, aka tsayar da ita a kan mutum 20, takwas suka rasu, ciki har da Dakta Stella Adadevoh da ta hana mai cutar fita daga asibiti. Waya ɗaya ce ta yi aikin biyu.

Sannan ku dubi Afrilun 2020 a Kano. Masu haƙa kabari na cewa gawa ta yi yawa, dattawa na ta faɗuwa, hukuma na cewa ba komai, sojojin baka a rediyo kowa na kare ubangidansa. Sai a watan Yuni ministan lafiya ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma rabi ko fiye na da alaƙa da korona. Wanda aka ce masa ba komai alhali yana dawowa daga maƙabarta, in aka kawo masa allura bayan shekara guda me zai ce?

Dattijon Fagge: Ka gama magana. Ƙara da wannan: a Abuja shugabannin Afirka suka zauna a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. A ƙasarmu aka sa hannu, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. 'Yar'aduwa Saudiyya aka kai shi, Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere a Landan a 2017, a shekarar da uwargidansa ta fito ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ba shi da ko sirinji. Ɗan siyasa ya fi son ginin da za a yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Albashin ungozoma da firjin ajiye allura ba sa fitowa a allon talla.

Nas ɗin Karkara: Kuma sakamakon yana gabana kullum. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya dawo, Kano ce ta fi kowa yawan masu shi, cutar da allurar wata ɗaya da rabi ke karewa. Yaran da muke gani, yawancinsu ba a taɓa yi musu allura ko ɗaya ba. An zuba ƙarfi a ɗigon gida-gida, allurar asibiti ta yau da kullum aka bar ta a baya. Da aka kawo ta kansar bakin mahaifa ga 'yan mata a 2023, tsohuwar maganar hana haihuwa ta sake tasowa, kalma a kan kalma, sai dai yanzu a TikTok.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai 'yan uwa. Bayan isha'i na je na same shi, na karanta masa wasu daga cikin bayananku, musamman na Maman Khalifa da na Ɗalibar Likita. Ya yi shiru ya daɗe. Ya ce shi dai har yanzu ba ya son a shigo masa gida da akwati, amma jaririnsu na da wata biyu, ya yarda matarsa ta kai shi asibiti a yi masa na mashaƙon. Tambayarsa ɗaya: nawa zai tanada?

Nas ɗin Karkara: Ko sisi. Allurar yara kyauta ce a asibitin gwamnati, da katin da sirinjin. Ta tambayi ranar da suke yi, ta je da safe kafin layi ya yi tsawo. Za a yi masa ta farko yanzu, ta koma bayan sati huɗu, ta sake komawa bayan wani sati huɗun, sai ta ƙyanda in ya cika wata tara. Ka gaya masa tun yanzu, kada ya ji daga baya ya ce an yaudare shi: cikin abin da za a ba yaron akwai na shan inna, na ɗigo da na allura. Jikinsa zai iya yin ɗumi kwana ɗaya ko biyu, cinyar ta ɗan kumbura, ta ci gaba da ba shi nono. In wani ya nemi kuɗi a hannunta, ta riƙe sunansa, ku kai wa shugaban asibitin ko kwamitin lafiya na mazaɓarku. Kuma ta tafi da yayyen nasa a duba katinsu.